Jami'a a Aliero, Albasa na Ruɓewa a Andarai: Ina Amfanin Bincikenmu?

Duk wanda ya taɓa bin babbar hanyar nan da ta taso daga Sakkwato, ta ratsa Tambuwal da Aliero da Jega, ta wuce Maiyama da Andarai ta nufi Koko da Yawuri, a tsakanin watan Maris da na Afrilu, ba ya bukatar a gaya masa cewa kakar albasa ta kama. Tun kafin ya ga buhunan da aka jera a bakin titi, hancinsa zai ba shi labari. Zai ga ana yi wa manyan motoci lodi zuwa Legas da Ibadan da Anacha da Fatakwal, ya ga 'yan dako sharkaf da gumi, ya ga dillalai suna ta kai da kawowa. Abin da watakila ba zai lura da shi ba shi ne fuskar manomin da ya kawo kayan. Wata huɗu ko biyar ya yi yana ban ruwa, ya ci bashin taki da na man inji, ga shi kuma ya iso kasuwa a makon da kowa ya iso, lokacin da albasa ta fi araha a duk tsawon shekara.

Idan matafiyin ya sake biyo hanyar a watan Oktoba ko Nuwamba, zai tarar buhun nan da aka yi wa tayin wulaƙanci da bazara ya ninka kuɗinsa, wata shekarar ma ninkin ba ninki. Manomi ya san haka sarai, domin ba bana ya fara gani ba. Abubuwa biyu ne suke hana shi jira. Na ɗaya bashin da ke wuyansa. Na biyu sanin da ya yi cewa idan ya zuba albasar a rudu, wato ɗan rumbun kara da ciyawar da ake ajiye ta a ciki, wani kaso mai tsoka zai ruɓe, wani ya tsiro, sauran kuma ya motse ya rage nauyi tun kafin damina ta fita.

A cikin wannan gari na Aliero, wanda sunansa ya yi fice a harkar albasa a faɗin Nijeriya, akwai jami'ar kimiyya da fasaha da gwamnatin Jihar Kebbi ta kafa a shekarar 2006, zamanin Gwamna Muhammadu Adamu Aliero, wadda a yanzu ake kira da sunan Abdullahi Fodiyo. Tana da tsangayar aikin gona da ta injiniyanci da ta ilimi, tana kuma da gonar koyarwa da gwaje-gwaje a fadamar Jega. Bayan ita, jihar tana da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, da jami'ar aikin gona a Zuru. Kowace shekara ɗaruruwan ɗalibai suna rubuta kundin kammala karatu a waɗannan makarantu, malamansu kuma suna wallafa maƙalu. Abin tambaya a nan shi ne, a cikin wannan tulin rubutu, guda nawa ne suka samo asali daga tambayar da wani manomi ko ɗan kasuwa ko hedimasta ya yi? Guda nawa ne kuma aka koma wurin mai tambayar aka gaya masa amsa da harshen da yake ji? Tambayar ta hau kan dukkanmu da muka ci gajiyar karatun zamani a Arewa, daga Sakkwato har Maiduguri, Kebbi dai misali ce da ke kusa da ido.

Bincike iri biyu ne

Masana sun kasa bincike gida biyu. Akwai na neman sanin asalin abu, wanda mai yin sa ba lallai ya san ranar da za a amfana da shi ba. Akwai kuma na warware matsala, wanda yake farawa daga kukan wani mutum, ba ya kuma ƙarewa sai kukan ya ragu. Kowanne yana da muhallinsa, kuma al'ummar da ta yi watsi da na farko za ta dawwama tana aron ilimin wasu. Sai dai abin takaicin shi ne, akasarin abin da muke kira bincike a manyan makarantunmu bai shiga ko ɗaya daga cikin gidajen biyu ba. Ɗalibi zai ɗauko taken da wani ya yi amfani da shi shekaru biyar da suka wuce, ya canja sunan ƙaramar hukuma, ya raba takardun tambayoyi, ya zana jadawali, ya rufe da shawarar cewa gwamnati ta ƙara himma. A yi wa kundin bango mai kauri, a ba shi maki, a jibge shi a kan kanta. Ilimi bai ƙaru da komai ba, manomi ma bai ƙaru ba.

Na zaɓi buhun albasa ne domin a kansa fannoni uku suke haɗuwa, waɗanda a jami'a kowanne yake zaune a nasa ginin: injiniyanci, da dabarun kasuwanci, da shugabancin makaranta. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Aikin injiniya a bakin rudu

Albasa rayayyen abu ce, ko bayan an cire ta daga ƙasa tana ci gaba da numfashi tana fitar da ruwa. Masu nazarin ajiyar amfanin gona sun daɗe da gano wata ɗabi'a tata mai ban mamaki. Ba ta saurin tsirowa a cikin tsananin sanyi da ya kusa daskarar da ruwa, haka ma a cikin zafin da ya haura digiri 25 zuwa 30. Matsakaicin yanayi ne yake tayar da ita daga barci. Ke nan zafin bazararmu ba shi ne babban maƙiyinta ba. Maƙiyin shi ne laima. Albasa ta fi son iska mai ɗanshin da bai wuce kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari ba, kuma da zarar damina ta sauka, zafi ya haɗu da laima a cikin tarin da iska ba ta ratsa shi, sai baƙar funfuna da ruɓa su samu gurbi, ɗaya ta shafa wa goma.

Sannan ajiya tun daga gona take farawa. Albasar da aka cika wa takin yuriya a ƙarshen rayuwarta takan yi kaurin wuya, kuma ta wannan wuyan ne cuta take shiga. Wadda aka ci gaba da yi wa ban ruwa har gab da cira, ko aka cire ta lawashi bai kwanta ba, ko aka yanke lawashin a gindi ba a bar wuya ya bushe ba, ko aka riƙa jefa ta tana ƙujewa, duk ba za ta kai labari a rudu ba.

Wasu da sun ji wannan zance sai su ce a gina ɗakunan sanyi. Wanda ya san halin wutar lantarki a ƙauyukanmu da tsadar man dizal ya san wannan shawara ta fi ƙarfin mai buhu hamsin. A ƙasar Indiya, a yankin Nashik na Jihar Maharashtra, inda babbar kasuwar albasa ta Lasalgaon take, abin da manoma suka dogara da shi ya fi kama da rudunmu: runfa ce da aka ɗaga daga ƙasa, mai bango na sanduna ko raga, ba ta da faɗi sosai, iska tana shiga ta ƙasa da gefe tana fita ta sama. Masana a can sun zauna sun gwada faɗi da tsawo da irin rufi, ƙasar ma tana da cibiyar bincike sukutum a kan albasa da tafarnuwa a kusa da birnin Pune. A maƙwabtanmu Nijar ma an gwada ɗakunan ajiya na ƙasa masu kantoci da tagogin shan iska.

Rudu kansa sakamakon gwajin kakanni ne, kuma injiniyan da ya raina shi ya raina ilimi. Aikinsa shi ne ya ɗora daga inda suka tsaya. Taku nawa ya kamata a ɗaga shi daga ƙasa? Tarin albasa ya kai wane kauri kafin tsakiyarsa ta fara gumi? Ina ya kamata ya fuskanta, idan aka yi la'akari da inda iskar damina take kaɗowa? Rufin ciyawa ko na kwano, wanne ya fi, kuma nawa kowanne zai ci a kan kowane buhu? Amsa waɗannan tambayoyi ba ta bukatar na'urar da za a yi odarta daga Turai. A samu rudu goma a Andarai, biyar a bar su yadda aka gada, biyar a yi musu gyara guda, a zuba albasa iri ɗaya, a riƙa aunawa duk mako biyu daga Afrilu zuwa Satumba. Kayan aikin su ne sikeli, da ma'aunin zafi da laima, da littafin rubutu, da haƙuri. Kuɗin bai kai abin da ake kashewa a taron ƙara wa juna sani guda ɗaya a otal ba.

Mu ƙaddara, a matsayin misali kawai, manomi ya zuba buhu 100 ya kwashe 60. Idan gyaran ya sa ya kwashe 75, buhu 15 ɗin nan da ya tsira da su a lokacin tsada suna iya zama sadaki da kayan ɗakin 'yarsa, ko kuɗin makarantar ɗansa na shekara. Haka kuma akwai batun busarwa. Matanmu sun daɗe suna sarrafa lawashi ya zama gabu, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato kuma ta daɗe tana ƙera na'urorin busarwa masu aiki da hasken rana. Wane ne zai haɗa su biyun, domin ƙananan albasar da ba ta ajiyuwa ta koma busasshiya ko gari? Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin ban ruwa ya zama babban nauyi a kan mai noman rani, kuma masu sayen famfo mai aiki da hasken rana suna bukatar wanda zai gaya musu girman da ya dace da zurfin rijiyarsu da faɗin fadamarsu, ba mai shagon da yake son ya sayar ba.

Kasuwa ma fagen bincike ce

Injiniya zai iya tsirar da albasa daga ruɓewa, amma ba shi zai sama mata daraja ba. Jega tsohuwar cibiyar ciniki ce, tun a ƙarni na 19 fatake suke yada zango a kasuwarta, saboda haka babu wanda zai koya wa mutanen wannan yanki saye da sayarwa. Duk da haka akwai abubuwan da idon ɗan kasuwa guda ba ya iya gani, sai wanda ya tattara lissafin mutane da yawa na tsawon lokaci.

Har yau da buhu ake cinikin albasa, buhu kuwa ba ma'auni ba ne, domin wani ya fi wani ciki, wani an yi masa toliya. Manya da ƙanana sukan tafi a haɗe, alhali mai otal a Legas da mai sayar da kashi-kashi a bakin titi ba iri ɗaya suke nema ba. Nawa ne rabon manomi a cikin kuɗin da matar gida take biya a kasuwar Mile 12? Nawa yake tafiya ga mota, nawa ga dillali, nawa ga masu karɓar haraji da na goro a shingayen hanya? Ɗalibin kasuwanci da zai hau motar albasa daga Aliero ya sauka a Legas da littafinsa a hannu, yana rubuta duk kwabon da aka fitar da inda aka fitar da shi, zai dawo da kundin da majalisar dokoki za ta iya aiki da shi.

Akwai kuma batun suna. Galmi ƙaramin gari ne a Jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, amma jar albasar da ke ɗauke da sunansa an san ta a kasuwannin Ghana da Kwaddibuwa, ana neman ta da sunan, ana kuma sayar da irinta da sunan a ƙasashe da dama. Albasar Aliero da Maiyama kuwa, da ta tsallake Kwara sai ta zama albasar Hausa kawai. Jihar Kebbi ta taɓa ganin abin da suna yake yi, lokacin da ta haɗa gwiwa da Jihar Legas aka fito da shinkafar Lake Rice a watan Disambar 2016, mutane suka riƙa yin layi domin saye. Daga baya ta dusashe, kuma dalilin dusashewar kansa darasi ne da ya cancanci a zauna a yi nazarinsa kafin a sake ɗaukar wani amfanin gona a bi da shi ta wannan hanya.

Idan mai karatu bai manta ba, a shekarar 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan da asarar kaya da aka yi a wasu sassan Kudu, ƙungiyar manoma da 'yan kasuwar albasa ta ƙasa ta sanar da dakatar da kai kaya Kudu a watan Yuni. Wannan ya nuna ƙarfin da masu albasa suke da shi, ya kuma nuna rauninsu, domin mai kayan da ba sa ajiyuwa ba ya iya dogon yaji.

Saura bashi, wanda shi ne yake tilasta sayarwa da wuri. A Nijar an daɗe ana gwada tsarin da manoma suke ajiye hatsi a rumbun ƙungiya a kulle, a ba su rance a kansa, su biya idan farashi ya tashi. Shin zai yi aiki a kan albasa, wadda ba ta da juriyar gero? Wa zai ɗauki asarar abin da ya ruɓe? Yaya za a tsara shi ba tare da riba irin ta ruwa ba, ta yadda malamanmu za su aminta da shi? Fiƙihunmu yana da babin cinikin salam da na jingina, kuma zama ɗaya tsakanin malamin fiƙihu da malamin kasuwanci da shugabannin manoma zai iya haifar da abin da babu wani littafin Turai da zai kawo mana.

Ina ruwan hedimasta da albasa?

Ruwansa ya yi tsaki, domin 'ya'yan masu albasar su ne ɗalibansa. Duk malamin da ya koyar a ƙauyen masu noman rani ya san aji yakan rame lokacin dashe da lokacin cira da kuma ranar kasuwa, ya san yarinyar da take zuwa a makare saboda talla. Kowace safiya ana kiran suna, ana cika rajista, amma da wuya ka ga wanda ya zauna ya tattara abin da rajistar take faɗa. A wane mako ne aka fi fashi? A wane aji? Maza ne ko mata? Waɗanda suka yi fashin mako uku a jere, nawa ne suke dawowa? Hedimastan da ya amsa waɗannan tambayoyi na zango uku ya yi bincike, ko da bai taɓa jin sunan wata mujallar ilimi ba. Idan ya ɗauki sakamakon ya kai wa kwamitin kula da makaranta, irin wanda aka amince a kafa a makarantun ƙasar nan tun tsakiyar shekarun 2000, suka yi shawara da mai gari da sakataren ilimi suka gwada sauyi guda, misali gyara lokacin shiga aji a ranar kasuwa, sannan suka sake ƙirgawa, to ya yi binciken warware matsala cikakke.

A ƙasar Japan, fiye da shekara ɗari ke nan malaman makaranta suna da al'adar haɗuwa su tsara darasi guda tare, ɗaya ya koyar, sauran su zauna a bayan aji suna lura da inda yara suka gane da inda suka ruɗe, daga nan su koma su gyara darasin. Shugaban makaranta shi ne mai samar da lokaci da kwanciyar hankalin da hakan zai yiwu. Mu a nan, an kafa cibiyar horar da masu tsarawa da gudanar da ilimi ta ƙasa a garin Ondo tun 1992, amma har yanzu sau da yawa shekarun aiki ko sanayya ne suke ba mutum kujerar hedimasta, ya hau ba tare da an taɓa nuna masa yadda zai karanta rajistarsa ba.

Makaranta ita ce kusan hukuma ɗaya tilo da ake samu a kowane gari, mai ma'aikatan da suka iya karatu da lissafi. Me zai hana a gina ɗaya daga cikin rudun gwajin nan a harabar sakandare? Ɗalibai su ne za su riƙa aunawa, su rubuta zafi da laima, su fitar da kaso cikin ɗari na abin da ya lalace. Darasin aikin gona da na lissafi sun sauko daga allo ke nan, uban yaro kuma ya ga abin da zai sa ya bar ɗansa a aji. Injiniya ya samu masu tattara masa bayanai kullum, hedimasta ya samu hujjar da zai tunkari iyaye da ita.

An taɓa yi a nan gida

Wanda yake ganin wannan mafarki ne, ya tuna da marigayi Muhammad Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, wanda ya fito daga gidan maginan tukwane. A shekarun 1990 ya ɗauki wata tsohuwar hikima ya inganta ta: a saka ƙaramar tukunya a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yayin da ruwan yake tsanewa yana bin iska, sai ya tafi da zafin cikin tukunyar. Gwajinsa ya nuna gautan da yake lalacewa a kwana 3 yana iya kai kwana 27. Da kuɗin aljihunsa ya sa aka gina tukwane 5,000 na farko ya raba kyauta. Da ya ga bayani da baki bai wadatar ba, sai ya shirya wasan kwaikwayo aka ɗauka a bidiyo, ana zagawa ƙauyuka da janareta ana haskawa da dare. Daga cikin burinsa har da rage wa 'yan mata tallar dole domin su samu zuwa makaranta. A shekarar 2000 ya samu kyautar Rolex, a 2001 kuma mujallar Time ta saka aikin a jerin ƙirƙire-ƙirƙiren shekara. Mutum guda ya haɗa injiniyanci da talla da tarbiyya. Sai dai a lura, tukunyarsa ba ta dace da albasa ba, domin laimar da take raya tumatir ita take kashe albasa. Kowane amfanin gona da irin tasa tambayar.

Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta faro tun 1922, ta fitar da ire-iren masara da dawa da gyaɗa da manomanmu suke shukawa a yau. Akwai cibiyar binciken ajiyar amfanin gona a Ilorin mai reshe a Kano, da ta kayan lambu a Ibadan mai tasha a Bagauda. Amurka ma da wannan hanya ta bi: dokar 1862 ta ba jihohi filaye domin kafa kwalejojin noma da ƙere-ƙere, ta 1887 ta samar musu da tashoshin gwaji, ta 1914 kuma ta kafa aikin malaman gona masu kai sakamako har ƙofar manomi. A Tuskegee, George Washington Carver ya tsara keken doki mai ɗauke da kayan koyarwa a 1906, aka riƙa bin manoma baƙar fata da shi har gonakinsu.

Me ya hana mu?

Adalci shi ne a faɗi uzurin malaman jami'a. Mutumin da yake koyar da aji mai ɗaruruwan ɗalibai, albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, ya kuma ga yadda yajin aikin 2022 ya cinye wata takwas, ba za a zarge shi da lalaci ba idan bai tafi Andarai da motarsa da mansa ba. Babbar matsalar tana ga ma'aunin da ake auna shi da shi. Ƙarin girma yana zuwa ne ta yawan maƙalun da aka wallafa da Turanci, wata shida a bakin rudu kuwa ba shi da gurbi a takardar neman zama farfesa. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin tsohon asusun harajin ilimi, yana ware kuɗin bincike, amma da wuya a ji an tambayi mai karɓa ko wani ya yi aiki da abin da ya gano.

Shawarata guda biyar ce. Na farko, kowace shekara kafin a raba wa ɗalibai taken kundi, tsangayoyi su zauna da ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwa da shugabannin makarantu na Jega da Aliero da Maiyama, a rubuto tambayoyinsu, daga ciki a zaɓi take. Na biyu, a riƙa haɗa ɗalibin injiniyanci da na kasuwanci da na ilimi a kan matsala guda a gari guda, na bana su ɗora daga inda na bara suka tsaya. Na uku, kada a sa hannu a kan kundi sai mai shi ya rubuta taƙaitawar shafi ɗaya da Hausa, ya je ya karanta ta a gaban waɗanda ya yi wa tambayoyi, gidajen rediyo kuma su ba da fili. Na huɗu, majalisun jami'o'i su ware maki a tsarin ƙarin girma ga aikin da aka tabbatar jama'a sun karɓa suna amfani da shi. Na biyar, attajiran albasa da ƙananan hukumomin uku su ɗauki nauyin gwajin da kansu, domin wanda ya biya kuɗi shi yake tsayawa ya ga sakamako.

Wani zai ce idan kowa ya iya ajiya, ai tazarar farashin bazara da na kaka za ta ragu, ribar jira ta tafi. Gaskiya ne za ta ragu. Amma albasar da ta ruɓe ba ta amfani kowa ba, an yi asarar ruwa da taki da gumin da aka zuba mata. Idan tazarar ta ragu, manomi ya daina sayarwa a wulaƙance, mai saye a birni ya daina saye da kuka, kuma wannan shi ne abin da ake nema.

Sunan da jami'ar Aliero take ɗauke da shi a yau ya isa ya zama tunatarwa. Lokacin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya sauka a Kano a farkon ƙarni na 19, jama'ar garin ne suka roƙe shi ya rubuta musu abin da za su tafiyar da mulki da shari'a a kansa, ya amsa musu da littafin Diya'ul Hukkam. Tambaya daga jama'a ta fito, amsa kuma gare su ta koma. Watan Afrilu yana nan tafe, za a sake cika rudu a Andarai da Sambawa da Mungadi, kuma sikeli da littafin rubutu ba su fi ƙarfin kowace tsangaya ba. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa albarka a noman manomanmu, amin.